Idon da Ke Rarrabe Ƙwarin Lambu

A wurin mafi yawanmu, duk abin da ya gilma a lambu ƙwaro ne kawai. In ya yi kama da mai harbi a kauce, in da maganin feshi a kusa a fesa masa. Amma akwai mutanen da suka horar da idonsu har suna kiran waɗannan halittu da sunayensu, kuma gwanintarsu tana burge ni ƙwarai.

Da sassafe suke fita, tun raɓa ba ta bushe ba, domin jikin ƙwaro da ɗumin rana yake aiki. Kafin hantsi yana nan laƙwas a kan ganye, sai ka kai wayarka dab da shi ka ɗauki hotonsa. Gwani ba ya zabura, ba ya kuma barin inuwarsa ta faɗa kan abin da zai ɗauka. Ya san furen kabewa da asuba yake buɗewa, kafin azahar ya tsuke, don haka can yake tsugunawa ya jira ƙudan zuma ya fito daga ciki, ya yi buɗu-buɗu da garin fure.

Sai dai ba duk mai ratsin baƙi da rawaya ne ƙudan zuma ba, kuma nan ake gane gwani. Akwai wani ƙuda da ya ari rigar zuma don tsuntsaye su shafa masa lafiya. Fikafikansa biyu ne, na ƙudan zuma huɗu. Ƙahonninsa gajeru ne, idanunsa sun kusa cinye kan gaba ɗaya, kuma yana iya tsayawa cak a iska. Ba shi da ƙari ko kaɗan. Tsutsotsin da yawa daga danginsa ma su ne ke cinye ƙananan ƙwarin da ke tsotse ruwan ganye. Manomin da ya feshe shi, abokin aikinsa ya kashe.

Mazari kuwa ba a bin sa da gudu. Da yawansu suna da ƙaramin tsinke ko kan kara da suke komawa bayan kowane shawagi, sai mai hoto ya saita wayarsa a kan tsinken ya yi shiru. In ya sauka fikafikai a shimfiɗe, idanu manya suna haɗe, mazari ne sosai. In siriri ne mai haɗe fikafikai a bayansa, ɗan'uwansa ne. Hoto ɗaya ba ya isa. A ɗauka ta sama, ta gefe, sannan ƙarshen bindi, don sau da yawa nan bambancin yake.

Wani mazari ruwan ɗorawa da ke shawagi garke-garke da damina, Pantala flavescens, masana sun nuna yana tsallake teku daga Indiya zuwa gabashin Afirka. A 2015 kuma wani masani, Klaas-Douwe Dijkstra, da abokan aikinsa biyu suka bayyana sababbin nau'o'i 60 na dangin mazari daga Afirka a lokaci guda. Ke nan akwai sauran abin da za a gano, shi ya sa gwani ba ya ajiye hoto sai ya rubuta rana da wuri, sannan ya ɗora shi a manhajar iNaturalist, inda wasu masu ido za su duba su tabbatar da sunan ko su gyara masa.