Dawaki Nawa Bulok Zai Ɗauka? Nazari Kan Ɗora Turbo a Motocin Ƙwanji na Amurka

Duk wanda ya saurari masu gyaran motocin ƙwanji na Amurka, wato dangin Mustang da Camaro da Chevelle masu injin V8, zai ji ana maimaita wasu lambobi tamkar ba a taɓa jayayya a kansu ba. Bulok ɗin Ford mai lita 5, in ji su, yana tsagewa a wajajen ƙarfin doki 500. Bulok ɗin baƙin ƙarfe na injin LS na kamfanin GM kuwa ko an kai dubu ba ya gezau. A kan irin waɗannan lambobi aka gina wata al'ada mai mabiya da yawa: mutum ya bar bulok yadda kamfani ya zuba shi, ya taɓa abin da ke samansa, ya ɗora turbo, ya yi ta ƙara iska har gab da inda ake cewa ƙarfen zai sallama, sannan ya dakata. Akwai hankali a cikin al'adar fiye da yadda masu raina ta suke zato, sai dai ma'aunin da take rantsuwa da shi gurgu ne. Ƙarfe bai san doki ba. Abin da yake ji shi ne matsin da ke cikin silinda, da yadda matsin ya faɗo masa, da sau nawa ya faɗo.

Hayaƙin da zai fice ta salansa a banza shi ke juya farfelar turbo, ita kuma ta juya 'yar'uwarta mai tura iska cikin inji, dabarar da injiniyan Suwizalan Alfred Büchi ya yi wa rajista tun 1905. Iskar da muke shaƙa a bakin teku tana da matsin fam 14.7 a kan kowane inci murabba'i. Idan turbo ya ƙara wani fam 14.7 kuma aka sanyaya iskar, injin zai haɗiyi kusan ninki biyu na abin da ya saba, ya ƙona mai daidai da haka, ƙarfinsa ya kusa ninkuwa. Ɗaya hanyar samun ƙarfi ita ce a sa inji ya ƙara saurin juyi, kuma a nan lissafi yana bayan masu turbo. Fizgar da fistin ke yi wa konrod duk sa'ad da ya kai ƙololuwa ya juyo ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da saurin, tsere masa take yi: daga juyi 6,000 a minti zuwa 7,000 kawai, ta ƙaru da kashi 36 cikin 100. Shi kuwa turbo tsawaita turin da wuta ke yi wa fistin yake yi yayin da fistin ke gangarowa, kuma da yake ana jinkirta tartsatsin fulogi idan iska ta yi yawa, ƙololuwar matsin ba ta ninkuwa yadda ƙarfin ya ninku. Shi ya sa injin turbo da aka saita da kyau yakan rayu a kan ƙarfin da zai kashe ɗan'uwansa da a ce da saurin juyi kaɗai aka nemo shi.

Saitin nan shi ne ƙashin bayan zancen, kuma kamfanonin motocin Amurka da kansu sai da suka sha wuya kafin su koya. A 1962 Oldsmobile ta fito da Jetfire, V8 na alminiyum da ke matse iska ninki 10.25, aka kuma ɗora masa turbo mai fam 5. Don kada injin ya ci kansa sai aka haɗa masa tankin ruwa gauraye da methanol da ake fesawa cikin iskar. Masu motar suka riƙa barin tankin yana ƙafewa, ƙarfi ya faɗi, ƙorafi ya yi yawa, har a 1965 kamfanin ya shiga cire wa mutane turbo yana sa musu kafireta. Buick ce ta bi hanyar da ta ɓulle. Tun 1978 ta sa wa injinta na turbo, V6 mai lita 3.8, na'urar da ke sauraron ƙwanƙwasa ta ja taimin fulogi baya, daga bisani kwamfuta ta karɓi rabon mai, a 1986 aka ƙara masa na'urar sanyaya iska. Motarta Grand National ta 1987 tana da dawaki 245, GNX da aka ƙera guda 547 kacal tana da 276, kuma sun bar V8 da yawa na zamaninsu a baya da bulok na baƙin ƙarfe wanda ba wani abin a zo a gani ba ne. Abin da Buick ta shawo kansa ita ce ƙwanƙwasa, wato ragowar mai da iska a lungun silinda su fashe da kansu saboda zafi da matsi tun wutar fulogi ba ta iso ba. Turi ya koma bugu, bugun ya karya gefen fistin, ya daddage metal, ya ɗaga gaskit. Injuna da dama da ake kafa hujja da su cewa bulok ya kai iyakarsa, ƙwanƙwasa ce ta kashe su, lambar da ke kan takarda a ranar ce kawai ta ɗauki laifin.

Ba wai hakan na nufin iyaka tatsuniya ce ba. Injin Ford 302, wato mai lita 5 ɗin nan, da ke cikin Mustang ta 1987 zuwa 1993 shi ne shaidar da ba ta da musu. Kamfani ya zuba bulok ɗinsa da sirantaccen bango don rage nauyi da kuɗi, an ɗaure kowane murfin karanshaf da noti biyu, kuma dawaki 225 aka nufe shi da su. Fistin ɗinsa na 1987 zuwa 1992 ƙirarru ne ba na zubi ba, suna jure iska sosai, sai ya zama kayan ciki sun fi gidan da ke riƙe su ƙarfi. Idan aka matsa masa, tsaga takan taso daga gindin murafun karanshaf ta haura zuwa ramin kamshaf, wani lokacin bulok ya rabe gida biyu. Ana ɗaure murafun da wani faifan ƙarfe, ana zuba siminti na musamman a ƙasan hanyar ruwa, amma duk wannan jinkiri ne, ba ya ƙara wa zubi naman da ba shi da shi. Simintin ma rage wa injin sanyi yake yi. Injin LS da ya fara fitowa a Corvette ta 1997, ya shiga motocin a-kori-kura daga 1999, gininsa daban ne. Gefen bulok ɗin ya sauko ƙasa da tsakiyar karanshaf, kowane murfi yana da noti shida, huɗu a tsaye biyu a gicciye. Raunin LS yana sama: noti huɗu ne ke kewaye da kowace silinda, don haka idan matsi ya yi tsanani kan injin ne ke fara ɗagawa gaskit ya saki. GM da kanta ta san da haka, shi ya sa bulok ɗin LSX da take sayar wa masu tsere yake da gurbin noti shida. Ashe kowane bulok da inda yake fara kuka, kuma wannan sani, wanda aka tara shi daga injunan da suka fashe a hannun wasu, shi ne dukiyar al'adar ta gaskiya. Gani ga wane ya ishi wane.

Mai jayayya zai kawo gwajin mujallar Hot Rod na 2011, kuma yana da abin riƙewa. Richard Holdener ya ɗauko tsohon injin LS mai lita 4.8 daga inda ake jibge matattun motoci, injin da kamfani bai ba shi ko dawaki 300 ba, ya ɗora masa turbo biyu, ya kai shi sama da dawaki 1,200 a kan iskar da ta haura fam 26, da bulok da karanshaf da konrod da fistin na kamfani, bai kuma fashe ba. Idan haka ne, me ya rage na zancen iyaka? A duba abin da aka yi kafin a kunna shi. An canza kan injin da kamshaf, an zuba man tsere mai oktan mai yawa don toshe ƙofar ƙwanƙwasa, sannan an goge bakin kowane ringi an faɗaɗa tazararsa. Wannan ɗan aiki na ƙarshe ya fi sauran muhimmanci, domin zafin turbo yana kumbura ringi, idan bakunansa biyu suka haɗu ba wurin miƙewa sai ya cije jikin silinda ya ɓalle saman fistin. A duba kuma tsawon lokacin. Gudun daƙiƙa 10 a kan juyi 6,000 tashin wuta 500 ne a kowace silinda. Tafiyar awa guda a kan juyi 2,000 kuwa 60,000 ne. Ƙarfe yana gajiya kamar wayar da ake lanƙwasawa gaba da baya, ba ta katsewa a karon farko ko na ashirin, amma kowace lanƙwasa tana cikin lissafi, kuma alminiyum ya fi baƙin ƙarfe rashin yafe wannan. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: injin da ya tsira shi ake ɗauka a hoto, wanda ya watse a fam 15 mai shi shiru yake yi ya sayo wani.

Akwai wani lissafin da lambar doki take ɓoyewa. Ƙarfin doki haɗin abu biyu ne, ƙarfin murɗa karanshaf da saurin juyi. Injin da ya ba da dawaki 600 a kan juyi 4,000 yana murɗawa da ƙarin rabin abin da mai ba da 600 a kan juyi 6,000 yake yi, kuma murɗawar nan ita ce matsin da ke kan fistin. A takarda su biyun ɗaya ne, a wajen konrod kuwa ɗaya yana cikin haɗari. Don haka ƙaramin turbo mai saurin cika, wanda ya fi daɗin tuƙi a cikin gari, yakan fi babba saurin lanƙwasa konrod. Gwanayen sana'ar sukan sa kwamfuta ta riƙa shigo da iska sannu a hankali, ta rage taimin a daidai inda murɗawa ta fi tsanani, ta mayar da shi idan juyi ya hau. Da yawansu sun koma man E85, mai kusan kashi 85 na ethanol, wanda ke sanyaya silinda ya jure matsi, ko da yake ana ƙona kusan sulusi fiye da fetur, sai an canza famfon mai da nozul. Ko lambar dokin da ake maimaitawa ma ba a faye tantance inda aka auna ta ba, a karanshaf ko a taya, alhali tsakaninsu akan yi hasashen asarar kusan kashi 15 cikin 100.

Jayayya ta biyu ta fi ta farko nauyi: tun da kamfanoni irin su Dart suna zuba bulok mai kaurin da zai ɗauki ninkin wannan ƙarfi, me ya sa za a yi caca da na kamfani? Arha ba ta ado. Amsar mabiya al'adar kuɗi ce, kuma ba amsar banza ba ce. Sabon bulok dubban daloli ne tun ba a kai shi wurin masu injin gogewa ba, tun ba a sayo kayan cikin da suka dace da shi ba, alhali an daɗe ana samun cikakken injin LS mai lita 5.3 daga matacciyar a-kori-kura da 'yan ɗaruruwan daloli. Mai ƙaramin ƙarfi zai iya fasa uku bai kai kuɗin ɗaya ba. Amma wannan lissafi a kan LS kaɗai yake tsayawa. Ga mai Mustang ta 302 da ke son wuce 500, ko mai tsohuwar Chevelle SS ta 1970 wadda darajarta ta rataya a kan lambar da aka buga jikin bulok ɗinta na asali, masu jayayyar ne ke da gaskiya. Lissafin kuma bai sa da abin da ke faruwa idan konrod ya huda bulok mota tana gudu ba, domin baƙin mai a ƙarƙashin tayoyin baya yake zuba, kuma ba mai motar kaɗai ke kan hanya ba.

Gwajin da ya fi kusa da amsa tambayar ba a ɗakin aunawa yake ba. Gasar Drag Week da Hot Rod ta fara a 2005 tana tilasta wa mota ta yi tsere kwana biyar a jere, ta kuma tuƙa kanta kusan mil 1,000 a kan titi tsakanin filayen, cikin zafi da cunkoso, ba a ɗora ta a tirela ba. A nan zafin ruwa da na baƙin mai da gajiyar gaskit suke shiga lissafi, kuma a kowace shekara akwai motocin da ke fita daga gasar a gefen titi, nesa da filin da suka yi bajinta a cikinsa jiya.