Bokitin Fenti a Akurki: Ina Goyon Baya, Amma da Sharaɗi

Bahaushe ya ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, kuma a da ba wanda ya ji haushin ƙadangaren, domin tsaki ne da dusar gida ake watsa wa kaji. Yau mai kaji 20 a bayan ɗaki buhu yake saya mai kilo 25, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 farashin masara da waken suya ya yi tashin da ya ja kuɗin buhun sama. Masu cin albarkacin kuma sun ƙaru: ɓera, gafiya, kurciya, tururuwa. Abinci shi ke lashe wajen kashi biyu cikin uku na kuɗin kiwon kaji. Shi ya sa bidiyoyin haɗa mazubin abinci da bokitin fenti da bututun roba suka cika Facebook da TikTok, mata da samari suna ta kwaikwayo.

Ina tare da su, domin ɓarnar gaskiya ce. Duk wanda ya tsaya ya kalli kaza tana ci a faranti ya san ba cin ladabi take yi ba. Da baki take sharo abincin gefe tana neman ƙwayar masara, in ta sami dama ta hau da ƙafa ta yi tono, ta juya ta yi kashi a ciki. Abin da ya zube ya gauraya da ɓuntun shinkafar da aka shimfiɗa, shi ke nan ya tafi. Lissafin ba wuya. Kaza mai ƙwai tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, ke nan kaji 20 ya kamata buhu ya kai su kwana 10 ko 11. In naka yana ƙarewa a kwana 8, ragowar tana ƙasa ko cikin ramin ɓera.

Dabarar da ake yayi ita ce a huda gefen bokiti mai murfi kusa da gindi, a cusa gwiwar bututu, wato elbo na masu aikin famfo, mai faɗin inci 3 ko 4, bakinta na ciki yana kallon ƙasa, a bar tazarar kamar inci ɗaya tsakaninsa da gindin bokitin. Abinci na gangarowa kaɗan-kaɗan, kaza ta zura kai ta ci, in ta share da baki ya koma ciki. Ƙafa ba ta shiga, kashi ba ya shiga. Dabara ce mai kyau, ba na ja.

Inda nake da magana shi ne yawancin bidiyoyin nan daga Amurka da Ostareliya suka samo asali, inda abincin kajinsu ƙwaya-ƙwaya ne mai santsi da ke gangara da kansa. Mu kuwa mai gari ya fi yawa a hannunmu, wasu ma su ƙara masa dusa don ya yi auki. Gari ba ya gangara yadda ake so. A watan Agusta, da iska ta jiƙe, sai ya dunƙule ya kafe a saman bakin bututun: bokiti cike, kaji da yunwa, uwar gida kuma ta saki jiki tana ganin ta zuba na mako guda. Abin da ya kwana a lungun gindin bokiti kuma yana yin fumfuna, gubar fumfunar masara da gyaɗa tana lalata hantar kaza, tana rage ƙwai. Ga zakara mai babban zanko da bakin inci 3 ke goge wa kai har ya yi jini, ga 'yan tsaki da kan shige bututun su kasa fitowa. Masu bidiyo ba sa dawowa bayan wata biyu su nuna wannan.

Don haka ni a wurina tsohon fasalin da ake ratayewa ya fi dacewa da gari. A yanke ƙofofi a gindin bokiti, a ɗaure shi da noti a tsakiyar tire ko ƙaramin daro mai tsayin baki, a rataye da igiya yadda bakin tiren zai yi daidai da gadon bayan kaza. Tsayin nan shi ne rabin aikin, kuma ana ɗaga igiyar yayin da kajin ke girma. Duk lokacin da kaza ta taɓa shi yana lilo, garin na zubowa da kansa. Ko kwamin katako ma, in aka gicciya masa kara ko waya, aka daina cika shi fiye da sulusi, ɓarnar tana raguwa sosai ba a kashe ko sisi ba.

A kula da abin da bokitin ya taɓa ɗauka. Na fenti a kankare shi tas a wanke. Jarkar man gyaɗa ba laifi. Wadda ta ɗauki maganin feshi ko baƙin mai kuwa, ko kyauta aka ba ka, bar ta.

Murfin bokitin yana da wani amfanin da ba a cika faɗa ba. Abincin da ke buɗe gayyata ce ga tsuntsayen waje, su kuwa suna iya ɗauko cuta. Ba mu manta ba, a wata gonar kaji a Jihar Kaduna aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a nahiyar Afirka cikin 2006.

Amma kazar Hausa mai yawo a tsakar gida da bola fa? A nan nake ganin yayin ya wuce gona da iri. Ita tono sana'arta ce, da shi take samun gara da tsutsa da 'ya'yan ciyawa, kuma arharta ke nan. Ka aje mata bokiti cike dare da rana, ka mai da ta mai zaman jiran buhu, alhali ƙwan da take yi bai kai ya biya buhun ba. Mazubin nan na kajin da aka killace ne, masu ƙwai da burola da irin su Noiler da ake ciyarwa da abincin saye.

Abin da ya fi damuna shi ne tallar da ake yi masa, wai ka zuba sau ɗaya ka huta har mako. Tsohuwar da ke fitowa da safe da ƙwarya tana kiran kajinta, ƙirga su take yi. A nan take ganin wadda ta takure a gefe, wadda ta saki fukafukai, wadda kashinta ya koma kore. Cutar Niyukasul, wadda ke share akurki lokacin hunturu, da irin waɗannan alamu take farawa, kuma kwana biyu na rashin lura sun isa ta zagaye garken. Allurar rigakafin da ake yi a cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana taimakawa, amma ba ta ware maka mara lafiya daga cikin masu lafiya. Wannan sai wanda ya tsaya a kansu lokacin da suke rububin ci.

Shi ya sa nake ba da shawara a zuba na kwana biyu kawai, a damina ma na yini ɗaya, a girgiza bokitin kowace safiya a sunsuna. Da la'asar a watsa musu ɗan tafin hannu na dawa ko gero a ƙasa mai tsabta, a tsaya a ga wacce ba ta taso ba. Da magariba a toshe bakunan bututun ko a ɗage bokitin sama, tunda kaza ba ta ci a duhu, gafiya kuwa lokacin take fitowa.