Fitilar Wood a Shagunan Gyaran Jiki

Fitilar Wood ƙaramar fitila ce mai fitar da hasken altarabayolet, wanda ido ba ya kama komai daga cikinsa sai ɗan shuɗi-shuɗi. Masanin kimiyya ɗan Amurka, Robert Wood, shi ya ƙirƙiro gilashinta a 1903, likitoci a Faransa kuma suka fara duba cutar gashin kai da ita a 1925. Akan kashe wutar ɗaki, a matso da ita kusa da fata, sai wasu abubuwa su bayyana da launinsu. Albaras yakan fito fari fat, iyakarsa a fili. Ƙyasfi kan yi ruwan ɗorawa, wasu nau'o'in makeron ka su yi kore, ƙwayoyin cutar da ke zaune a ramukan fatar hanci kuwa su fito ɗigo-ɗigo, ja-ja.

Yanzu fitilar ta shiga shagunan gyaran jiki. A can akan sa mace ta cusa fuska cikin wani akwati mai madubi, ta ga fuskarta duk dabbare-dabbare, sannan a jero mata mayukan da za su "gyara ɓarnar". Nan gizo ke saƙa. Ba duk abin da ya haska ne cuta ba: basilin, ragowar sabulu, hoda, har zaren tawul da ya maƙale a kumatu, duk suna ɗaukar haske. Wanka kafin duba kuma yakan wanke alamar wasu cututtukan, fata ta fito kamar lafiya lau.

Babban abin da masu shaguna ba sa faɗa shi ne fitilar ta fi aiki a farar fata. Sinadarin da ke baƙanta fata yana shanye wannan haske, don haka bambance tabon sama da na can ciki, wanda shi ake tallata na'urar da shi, da wuya ya fito a baƙar fata. Mace ta tsorata da hoton da ba ya nuna komai, ta ƙare da sayen man bilicin, wannan asara ce biyu.

A hannun likitan fata, fitilar matakin farko ce kawai. Idan ya yi zargin makero, sai ya kankaro ɗan ɓawon fatar ko ya tsinko gashi a duba a madubin likita, domin akwai nau'o'in makeron da ba sa haskawa ko kaɗan.