Wasiƙar Mai Takaba: Sharhi a Kan Littafin Mariama Bâ

A shekara ta 1979 aka buga wani ɗan littafi da Faransanci a birnin Dakar, sunansa Une si longue lettre, wato doguwar wasiƙa. Wadda ta rubuta shi, Mariama Bâ, malamar makaranta ce ƴar ƙasar Senegal. A 1980 littafin ya ci kyautar Noma, ita kuwa ta rasu a 1981. Mutane da yawa sun ɗauke shi a kan littafin sukar auren mata da yawa, shi ke nan. Waɗansu suka yabe shi saboda haka, waɗansu suka ƙi shi saboda haka. Duka biyu sun yi garaje, gama abin da littafin ya tono ya fi wannan zurfi.

Ga yadda labarin yake. Ramatulayi malamar makaranta ce, Musulma mai riƙon addini. Mijinta Modu ya rasu, tana cikin takaba ta wata 4 da kwana 10, sai ta zauna tana rubuta wa aminiyarta Aisatu abin da ya same ta. Bayan shekara 25 da aure da ƴaƴa 12, Modu ya auri Binetu, ƙawar babbar ƴarsu. Bai iya buɗe baki ya gaya wa uwargida ba. Sai da aka ɗaura aure, sa'an nan liman da yayan mijin da abokinsa suka zo suka sanar da ita. Ramatulayi ta haɗiye baƙin ciki, ta shirya zaman kishi, tana jiran a raba kwana yadda shari'a ta ce. Ba a raba ba. Modu ya ɗauke ƙafa daga gidan, ya bar ta da yara har mutuwarsa bayan shekara 5.

A nan ƙarfin littafin yake. Marubuciyar ba ta auna Modu da ma'aunin Turawa ba, ta auna shi da mudun addininsa. Musulunci ya yarda wa namiji mata har 4, amma bisa sharaɗin adalci a ci da sha, da sutura, da muhalli, da kwana. Modu ya karɓi izinin, ya yar da sharaɗin. Ran da aka zauna lissafin gado, sai aka tarar da bashi: ya jinginar da gidan da shi da uwargida suka biya da guminsu, ya sayi wani gida domin amarya, ya kai uwarta Makka. Dokar iyali ta Senegal ta 1972 ta ba miji zaɓi ya faɗa tun farko ko mace ɗaya zai zauna da ita, ko zai ƙara. Amma takardar hukuma ba ta iya sa mutum ya dawo gida da daddare ya tambayi yaransa ko sun ci abinci.

Marubuciyar ta jera waɗansu mata kusa da Ramatulayi domin mai karatu ya gwada. Mijin Aisatu likita ne, uwarsa kuwa ƴar sarauta, ba ta taɓa yarda da ƴar maƙerin zinariya ta zama surukarta ba. Ta reni ƴar ɗan'uwanta, ta ba ɗanta ita. Aisatu ta kwashe ƴaƴanta maza 4 ta fita, ta yi karatu, ta sami aiki a ofishin jakadancin ƙasarta a Amurka. Akwai kuma Jakilin, Kirista daga Kodibuwa, wadda ba a yi mata kishiya ba, amma mijinta yana bin mata a fili har ciwon damuwa ya kwantar da ita a asibiti. Wannan ɗan labari gajere ne, masu karatu sukan wuce shi da sauri, alhali shi ne ya nuna cewa gidan mace ɗaya ma yakan tsage idan amana ta fita.

Wa ya riƙe gidan da Modu ya bari? Ramatulayi ce ta biya kuɗin wuta da ruwa, ta yi fama da ƴammata masu shan taba a ɓoye, ta rungumi ƴarta da ta yi ciki tana makaranta. Da yayan mijin ya nemi ya gaje ta, ta ƙi, gama ta san matansa ne suke ciyar da shi. Da tsohon masoyinta ya zo da maganar aure, ta ƙi, domin kada ta ɗora wa matarsa abin da aka ɗora mata. Waɗannan shafuffuka su ne mafi kyau a littafin. Jama'a sun ga gidan bai watse ba, suka ce aure ya dore, amma mace guda ce take ɗauke da rufin a kanta.

Duk da haka littafin yana da gurguwar ƙafa. Mutanensa manyan ma'aikatan birni ne, masu albashi da mota. Ba a ga gidan manomi ba, inda ake raba girki da kwana a gaban kowa, inda uwargida take da girma da iko, inda dangi suke tsawata wa mijin da ya karkata. A ƙasar Hausa ma akwai kayan faɗar kishiya, alamar cewa al'ada ta san uwargida tana da hakkin a gaya mata, a kuma lallashe ta. Irin wannan gida yana da nasa hawaye, da ƴan uba masu gaba, amma da marubuciyar ta nuna shi, da hukuncinta ya fi tsayawa da ƙafa biyu. Haka kuma Binetu. An cire ta daga makaranta gab da jarrabawa domin uwarta ta fita daga talauci, amma ba a ba ta baki ta faɗi nata ba. Ta bakin kishiyarta kaɗai aka san ta. Aisatu kuwa fitarta ta yi sauƙi ƙwarai. Mata nawa ne za su bar gidan miji su tarar da aikin jakadanci yana jiransu?

Kirista mai karatu kada ya rufe littafin yana murna, gama laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Littafi Mai Tsarki bai ɓoye kukan Hannatu a gidan Elkana ba, ko kishin Lai'atu da Rahila, ikkilisiya kuwa tana koyar da auren miji ɗaya da mata ɗaya. Amma a 1888 taron bishof-bishof na Angilikan a Lambet, cikin Ingila, ya hana yi wa mai mata da yawa baftisma. A wurare da dama maza suka saki mata domin su shiga ikkilisiya, matan da ƴaƴansu suka rasa mai ciyarwa. Sai a 1988 taron ya sake shawara: a yi wa irin wannan mutum baftisma idan jama'ar ikkilisiyar wurin sun yarda, kada a tilasta masa sakin kowa, shi kuma ya yi alkawari ba zai ƙara ba. Shekara 100 ke nan kafin a lura cewa matar da aka kora da sunan tsarki, yunwarta ɗaya ce da ta Ramatulayi.

Saboda haka littafin ya cancanci a karanta shi a ajin masu shirin aure da taron dattawa, ko na masallaci ko na majami'a. In an kawo ƙarar wani gida, tambayar mata nawa ne a ciki ba ta isa ba. A tambaya wa yake auno hatsi, wa yake biyan kuɗin makaranta, wa yake kwana a asibiti da yaro mara lafiya, wa kuma aka yi shawara da shi kafin a yanke magana. Amsar waɗannan ita za ta nuna ko gidan yana tsaye, ko kuwa haƙurin mace ɗaya ne ya tokare shi.