Hassan da Husaini a Majigin Amurka: Sharhi a Kan Jigon *Leaves of Grass*

Maƙasudin wannan takarda shi ne duba jigon fim ɗin *Leaves of Grass*, wanda Tim Blake Nelson ya rubuta ya kuma shirya a 2009, da yadda aka warware shi.

Labarin wasu tagwaye ne 'yan jihar Oklahoma, Bill da Brady, kuma Edward Norton shi ya fito a matsayin su biyun. Bill malamin falsafa ne a Jami'ar Brown. Ya bar gida, ya kankare karin harshen garinsu daga bakinsa, ya shekara da shekaru bai waiwayi mahaifiyarsa ba. Brady kuwa yana gida yana noman tabar wiwi, bashin wani dillali na birnin Tulsa ya yi masa katutu. Sai ya sa aka aika wa ɗan'uwansa cewa ya rasu. Da Bill ya iso sai ya tarar da shi garau. Ashe so yake Bill ya shiga rigarsa ya nuna kansa a gari, domin kada a ce Brady ya je Tulsa ranar da zai kashe dillalin.

Rikita tagwaye domin ban dariya tsohuwar dabara ce. Inda marubucin ya yi gwaninta shi ne da ya ƙi ya ware mana na kirki da lalatacce. Basirar da Brady ya zuba a gonarsa ba ta gaza wadda Bill ya zuba a littattafai ba, kuma mai yanke zumunci a cikinsu shi ne malamin. Wannan ya kamata ya taɓa mu malaman jami'a: daga Samaru zuwa Chikaji tafiyar 'yan mintoci ce, amma mun san ɗan boko kan shekara bai yi ta ba.

Sai dai, a ganina, fim ɗin ya yi rauni wajen batun ƙwaya. An nuna manomi, an nuna dillali, an zubar da jini, amma ba a tsaya kan wanda shaye-shaye ya nakasa ba. Ga mai kallo a Zariya, wanda ya ga yadda kodin ya yi da matasa da matan aure har gwamnati ta hana sarrafa maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, wannan giɓi ne babba, domin shi ya ba Brady damar mutuwa a matsayin gwarzo.