Hoto Ya Fita Tar, Amma Ba Baba Ba Ne

Bayan ƙaramar salla wata Hajiya ta shigo shagona a nan Tokpa-Hoho riƙe da waya. Hoton mahaifinta ta kawo, wanda wani yaro mai hoto ya ɗauka daga nesa a idin babbar sallar bara, watanni kaɗan kafin Allah ya karɓi ran tsohon. So take a wanke shi babba a sa a firam. Na duba, hoto ya fita tar, har gashin gemu sai ka ƙirga. Na ce, "Hajiya, ai wannan ba ya son wani gyara." Ta ce, "Malam, ƙara dubawa. Baba yana da tsaga a kumatu biyu, ina take? Waɗannan haƙoran ma ba nasa ba ne."

Da muka nemo yaron, bai ɓoye komai ba. Da dogon gilashi ya ɗauka, hoton ya fita dishi-dishi, kunya ta hana shi miƙa shi haka, sai ya zuba shi cikin irin manhajar nan ta waya mai "gyara fuska". Ita kuwa manhaja ba ta taɓa ganin tsohon ba. Abin da ta iya shi ne ta duba inuwar fuska ta cike gurbin da idanu, fata da haƙoran da ta koya daga fuskokin wasu mutane. Tsagar gado ta ɗauke ta a matsayin datti, ta share.

Wannan abu ya dame ni ƙwarai, domin ya zama ruwan dare a tsakanin yaranmu masu hoton biki da suna a Zangon Kwatano. Kowa yanzu kaifi yake nema. Mai biki yana karɓar hoto sai ya sa yatsu biyu ya buɗe shi har ƙarshe, ya leƙa ƙwayar idon amarya. In ya ga ɗan hazo, shi ke nan mai hoto bai iya aiki ba. Ai kuwa kyamara mai megapiksel 24 ɗigo 6000 take jerawa a faɗi, 4000 a tsaye. In ka buɗe shi ɗari bisa ɗari a allon kwamfuta, daidai yake da ka kafa hancinka a jikin hoto mai faɗin kusan mita ɗaya da rabi. Wa ke kallon hoton bango haka? Ga shi yawancin hotunan ta WhatsApp suke yawo, inda ake matse su sai fa in an tura su a matsayin fayil. Da wannan awo marar kan gado ake yanke wa yaro hukunci, shi kuma ya ruga wajen manhaja, ko ya fara tara jaka-jaka don sayen wani gilashin da bai fi nasa da komai ba.

Ba na musun cewa gilashi suna suka tara. Zum mai araha irin na 75 zuwa 300, wanda yawancinmu muka fara da shi daga kayan tokumbo, yakan yi laushi in ka ja shi har 300, musamman in ƙofar haske na buɗe duka a f/5.6. Haka aka ƙera shi. Amma cikin yaran da ke kawo mini gilashi suna cewa ya lalace, da wuya in sami wanda ya taɓa gwada shi yadda ya kamata. Gwajin kuwa ba ya cin ko dala. Ka manna shafin jarida a bango da hantsi, inda haske ya wadata. Ka kafa kyamara a kan ƙafa uku tana fuskantar bangon sak, ka kashe na'urar hana rawa, ka sa ta jira daƙiƙa 2 kafin ta ɗauka don kada yatsanka ya girgiza ta. Ka ɗauka a 100, a 200, a 300, kowanne a buɗe, sannan a f/8, sannan a f/11, ka zauna ka karanta rubutun tsakiya da na kusurwoyi. Nan za ka san gilashinka kamar yadda ɗan zemijan ya san babur ɗinsa. Sau da yawa sai ka tarar a f/8 ya warke sarai, ko kuma in ka tsaya a 250 maimakon ka kai shi maƙura. Kada kuma ka zarce f/16 da tunanin ƙarin kaifi, don in ƙofar ta ƙanƙance da yawa hasken kansa yakan watse, hoto ya sake yin laushi.

In jarida ta fita fes a kan ƙafa uku amma hoton biki bai fita ba, to gilashi ya kuɓuta, saura hannu. Dogon gilashi yadda yake jawo abu kusa, haka yake ninka rawar hannu. Tsohuwar ƙa'ida ita ce ƙiftawar kyamara kada ta gaza tsawon gilashi: a 300, aƙalla 1/300. A ƙananan kyamarorinmu, masu ninka tsawo sau ɗaya da rabi, 300 ya koma kamar 450, sai ka nemi 1/500. Yaron da ya ɗauki baban Hajiya a 1/60 ya ɗauka, don tsoron ɗaga ISO kada hoto ya yi tsaki-tsaki. Ni dai in aka ba ni zaɓi, hoto mai ɗan tsaki a ISO 1600 da fuska a tsaye ya fi mini hoto sumul wanda ya goge. Na'urar hana rawa, wadda Canon ta fara sa wa irin wannan zum ɗin a 1995, tana taimako sosai, sai dai hannunka kaɗai take riƙewa. Ba ta tsayar da doki a hawan Gani na Nikki, ba ta tsayar da yaro mai gudu. Waɗannan sai 1/1000 ko fiye.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba, wanda mu mazauna bakin ruwa ya kamata mu fi kowa sani: iskar da ke tsakaninka da abin da kake ɗauka. Ka tsaya bakin tafkin nan kusa da tsohuwar gada da azahar, ka auna masu kwalekwale a gefen Akpakpa. Ko gilashin miliyan ne a hannunka, hoton zai yi ta rawa kamar kawalwalniya, domin zafin da ke tashi daga ruwa da kwalta yana karya haske. Ƙara da tururin teku, da hayaƙin babura da ke rufe hanyar Dantokpa, da ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu. Duk wannan kana tara shi ne cikin hoto ɗaya in ka ja zum daga nesa. Maganinsa sammako, ko ka jira bayan an ɗauke ruwan sama lokacin da gari ya wanke, ko ka taka da ƙafarka ka rage tazarar. Taku ashirin zuwa gaba ya fi canjin gilashi amfani, na gwada ba sau ɗaya ba.

Ɗanshin Kwatano kuma maƙiyin gilashi ne na gaske. Ka ajiye shi cikin jaka a ɗaki mai duhu tun daga Afrilu zuwa Yuli, sai ka haska tocila ciki ka ga fumfuna ta yi saƙa kamar gizo-gizo. Akwati mai rufuwa ruf da 'yan ƙullin nan masu shan ɗanshi ya isa, a riƙa fito da gilashi yana ganin haske. Gishirin iskar teku kuma a riƙa goge shi da tsumma mai laushi. Ƙaramin gilashin kariya mai araha da ake ɗaura wa a baki, kwance shi ka sake gwaji. A dogon zum shi kaɗai yakan ɓata hoto.

Saiti ma wani abu ne. Da gilashin 200 a f/2.8, mutum na tsaye mita 5 daga gare ka, abin da zai fita da kaifi bai fi kaurin santimita 10 ba a babbar kyamara. In ka bar ta ta zaɓa da kanta, sai ta kama bakin hula ko aikin wuyan riga ta bar fuska. Ka zaɓi ɗigon saiti ɗaya ka ɗora shi a idon da ya fi kusa da kai.

Nakan nuna wa yarana hotunan Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948. Da hasken rana yake aiki a tsakar gida, da fim mai santimita 13 da 18, kuma galibi sau ɗaya yake ɗaukar mutum. Har yau in ka dubi aikinsa kana ganin zaren atamfa, kana ganin kitso, kana ganin tsagar fuska, kowa da tasa. Kaifin nan daga haske mai kyau ya zo, da kyamara a kafe, da mutumin da aka ba lokaci ya natsu. Duk abin da ke cikin hoton yana jikin mai shi ranar da ya zauna. Wannan shi ne abin da manhaja ba ta da shi, kuma shi ya sa nake ganin ƙaga wa mutum fuska cin amana ne, ko da an yi da kyakkyawar niyya. Ɗan ƙarin kaifi a kwamfuta, mai fito da abin da gilashi ya riga ya kama, ba ni da ja a kansa, muddin bai kai ga farin zobe ya kewaye kai da kafaɗu ba.

Allah ya sa yaron da ya ɗauki baban Hajiya bai goge katinsa ba. Muka ciro hoton na asali, na rage masa tsaki, na ɗan ɗaga haske, muka wanke shi 13 da 18 maimakon babban da ta so. Yana da laushi, amma tsagar tana nan, giɓin haƙorin yana nan. Hajiya ta daɗe tana kallo, ta ce, "Yauwa, wannan ne Baba."

'Yan'uwana masu hoto na Zango, ina roƙonku kada ku goge hoton asali, kuma duk wanda kuka bi da manhajar gyaran fuska ku gaya wa mai shi kafin ku karɓi kuɗinsa.