Komar da ke ninkuwa ta shiga jaka

Kowa ya san Dakoro da shanu da raƙuma da gero, ba da kifi ba. Kogi babu, Kwarin Tarka kuwa ba ya riƙe ruwa sai abin da damina ta bar masa. Duk da haka akwai mu, ƴan tsirarun masu son fatsa, da ba ma jin ƙyuyar ɗaure kaya a babur tun da asuba mu nufi inda ruwa yake: ko arewa zuwa tafkin Akadane a ƙasar Bermo, ko arewa maso yamma zuwa Tabalak, ko kuma kudu, a bi ta Kornaka a wuce Maraɗi har Madarunfa. Dakoro zuwa Maraɗi kawai ya haura kilomita 100. Mai irin wannan tafiya yana auna duk abin da zai ɗaura a bayansa, kuma a cikin kayana babu abin da ya biya ni wahalar ɗaukarsa kamar ƴar komar nan mai ninkuwa. Wallahi ina ƙaunarta!

Wanda bai taɓa fatsa ba yana zaton aiki ya ƙare da zarar kifi ya haɗiyi ƙugiya. A'a, a taku biyun ƙarshe ake asara. Muddin kifi yana cikin ruwa, ruwan ne ke ɗauke da nauyinsa. Da ka ɗaga shi sama, nauyin duka ya koma kan leɓensa da kan zarenka, ya yi fizga ɗaya, ko leɓe ya yage ko zare ya tsinke. Tafkunanmu kuma ba su da gaɓa mai tauri. Daga sanyi zuwa bazara ruwa yana ja da baya, ya bar laka mai santsi tsakaninka da zurfi, ga ciyawa a baki. Ka ce za ka jawo tarwaɗa mai kilo 3 ta cikin wannan caɓi da zare kawai? Sai dai ka yi mata sallama.

Koma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Da ita da gora masunta ke faɗawa ruwan Matan Fada a bikin Argungu, wanda aka fara tun 1934. Amma waccan komar ta su ce, ana shiga ruwa da ita a laluba. Tawa aikinta guda ne: tarbar kifin da ƙugiya ta riga ta kama. Masu fatsa a Ingila ne suka ƙware a kanta, saboda wani ƙaton kifin tafki da suke kira karp. A 1952 Richard Walker ya kama ɗaya mai kusan kilo 20 a tafkin Redmire, aka kai shi gidan namun daji na Landan da ransa. Masu neman wannan kifi ba cinsa suke yi ba, aunawa suke su mayar, don haka suka dage kan koma mai faɗi da raga mai laushi. Wadda suka fi amfani da ita hannuwanta sun ɗan haura mita 1. Masu yawo bakin ruwa suna bin kifi kuwa, maimakon zama wuri guda, su ne suka buƙaci wadda za ta ninku. Ashe mu suka yi wa aiki ba su sani ba.

Ga yadda tawa take. Kanta kusurwa uku ne, hannuwa biyu na alminiyam, da igiya mai ƙarfi da ta haɗa bakinsu. Inda hannuwan suka haɗu da sanda akwai ɗan makulli. Ka danna shi da babban yatsa, hannuwan su haɗe, kan ya kwanta a jikin sanda, sandar ta shige cikin kanta, ka naɗe raga a kai. Shi ke nan, ta koma tsawon da bai fi kamu ɗaya da rabi ba, ta shige jakar baya tare da butar shayi da gwangwanin tana. Buɗewar ce ma ta fi burge ni. Hannun dama yana riƙe da sandar fatsa, kifi yana ta kai da komowa, sai ka girgiza ta da hagu ka ji ƙas, ta buɗe ta kulle kanta. Wannan ƙarar, in ka saba da ita, daɗinta ba ya misaltuwa.

Wani tsohon masunci a tafkin Madarunfa ya taɓa tsayawa da kwalekwalensa yana kallona ina buɗe ta. Ya ce, “Ɗana, wannan laima ce ko koma?” Na ce, “Baba, karɓi ka gwada.” Ya juya ta, ya murza ragar tsakanin yatsunsa, ya ja igiyar baki, ya buɗe ya rufe, ya sake buɗewa. Bai kalli fenti ba, bai tambayi ƙasar da aka ƙera ta ba, makullin ya tsura wa ido. Ya ce, “Ranta yana nan. Ranar da wannan ya mutu, ta mutu.”

Gaskiya ya faɗa, kuma daga nan ya kamata mai saye ya fara. Akwai masu makullin roba mara ƙwari, wanda ranar bazara za ta busar ya tsage. Nemi na ƙarfe, ko na roba mai kauri da ƙusar ƙarfe a ciki. In ka buɗe ta, ka kama bakin hannu ɗaya ka girgiza. Kan da ke rawa tun yana sabo ba zai riƙe giwan ruwa ba.

Sai raga, wadda a kanta zan fi daɗewa, don nan ne tawa ta sace mini zuciya. Ragar zare mai ƙulli tana kankare ɓawon karfasa, tana kama ƙugiya, kuma in kurungu ya shiga ya miƙe ƙayoyinsa uku ya kulle su, sai ka zauna kana warwara har rana ta yi tsaka, wani lokaci ma sai da wuƙa. Tawa an lulluɓe zarenta da roba, babu ƙulli ko ɗaya. Ƙaya tana zamewa, ƙugiya tana fita da ja ɗaya, ba ta shan ruwa balle ta yi nauyi, kuma ba ta riƙe ƙarni. Duk wanda ya taɓa goya jiƙaƙƙiyar raga daga Madarunfa zuwa gida da rana ya san darajar wannan. Ga wata fa'idar da sai ɗan arewa zai gane: ƙarangiya. Ka ajiye ragar zare a ƙasa a Akadane, ka ɗago ta cike da ƙarangiya, ka yi ta tsinta tana sokar yatsu. Mai roba kuwa kaɗe ta kawai za ka yi, yawancinta ya zube.

Laushin nan yana da wani amfani da nake jin daɗinsa har cikin raina. Macen karfasa a bakinta take renon ƙwanta da ƴaƴanta. In ta shigo koma ka ga maƙogwaronta a kumbure, kana iya cire ƙugiya tana cikin ruwa, ka karkata komar ta fice lafiya lau. Tafkunan da muke zuwa ba teku ba ne, wasu ma sai ma'aikatan gandun daji sun zuba musu iri. Abin da ka mayar bana shi za ka tarar baɗi. Kuma kafin ka jefa ƙugiya, ka gaida sarkin ruwa, ka nemi izinin da hukuma ta tanada.

Tsawon sanda, ina ganin mita 2 ya isa. Wadda ta gaza haka za ta sa ka shiga laka, wadda ta fi haka tana lanƙwasa. Girman kai kuwa ba sai irin na Turawa ba, santimita 60 zuwa 70 ya wadatar da karfasa da tarwaɗa, in dai jakar ragar tana da zurfi. Kada ka bi kifi da koma kana ƙoƙarin kwasarsa. Nutsa ta tukuna, ka jawo shi da kansa har ya haye bakinta, sannan ka ɗaga kaɗan ya faɗa. In babba ne kar ka ɗaga da sanda, ka jawo ta wajenka ka kama hannuwan biyu.

Tana da abokan gaba biyu a ƙasarmu, rairayi da rana. Ƙurar hunturu tana shiga gaɓoɓin sanda ta sa su cije, don haka nakan zare su in ɗauraye, in goge, ba na sa musu mai saboda mai yana tara yashi. A inuwa nake shanya ragar. Na kuma ɗaura mata guntun soso mai yawo kan ruwa a wuya, don in ta suɓuce kar ta nutse.

Abin da ke damuna shi ne samunta. Ƙugiya da zare da kalli ba su da wuya a Maraɗi, amma wannan sai ka yi saƙo wurin mai zuwa Kano ko Yamai, ko mai saye ta intanet. Ƴan kasuwar Maraɗi, ku da kuke kawo mana fitilar sola da kayan babur, don Allah ku haɗo da ita, mai makullin ƙarfe da ragar roba. Abokan fatsata duk sun riƙe tawa sun gwada, kuma kowannensu ya ce in an kawo a ajiye masa ɗaya.